Mika'ilu Agogo da Taken Maccido

A cikin masu yi wa rundawa kiɗa, wato mahautan Sakkwato, ba a yi wanda hannunsa ya kai na Mika'ilu Agogo daidaito ba. Har waɗanda kiɗansa bai dame su ba sun yarda da wannan. An haife shi a Ƙofar Rini a shekarar 1969, shi ne na huɗu a 'ya'yan Hayatu Mai Kalangu, kuma shi kaɗai ya gaji sana'ar. Wansa ya zama direban tirela, ƙanensa malamin firamare, matan kuwa aka kai su ɗakunansu.

Kowane mahaucin da ya isa yana da takensa, 'yar gajeruwar magana da kalangu ke faɗa, wadda ko daga bayan katanga ya ji ta ya san da shi ake. Mika'ilu na riƙe da take ɗari da goma sha bakwai a kansa, na masu rai da na waɗanda suka riga mu, kuma bai taɓa haɗa wani da wani ba.

Daidaiton nan yana da asali. Mahaifinsa Hayatu mutum ne mai zafin kiɗa. In zuciyarsa ta motsa, gular kiɗan da ke hannunsa sai ta riƙa gudu, jama'a su bi ta. Lokacin da Mika'ilu yake da shekara tara, wata ranar kasuwa Hayatu ya tsaya tsakanin wasu samarin mahauta biyu da ba su ga-maciji, ya kaɗa taken wannan, ya juya ya kaɗa na wancan, abin ya yi masa daɗi ya kasa tsayawa. Kafin a ankara an zare wuƙaƙe, ɗaya ya rasa yatsu biyu. Hayatu ya yi wata huɗu bai taɓa kalangu ba. Da ya tashi koya wa ɗansa, bai kai shi dandali ba, sai ya kai shi gindin injin niƙa na unguwa. Kullum da hantsi Mika'ilu yana zaune a kan dutse, garin dawa na sauka a kansa, yana bin bugun injin da gula har sai mai injin ya kashe.

"Mutanen ga da za ka yi ma kiɗa, wuƙa ce hannunsu," in ji Hayatu. "In za ka kasuwa ka bar zuciyarka gida. Kuma kar ka kalli idon kowa. Kalli fatarka."

Haka ya tashi. Yakan tsaya cak, kalangu a hammata, kai a sunkuye, ido a kan fata. Rundawa suka sa masa Agogo, rabi yabo rabi tsokana. A shekara talatin da ya yi yana kiɗa a kasuwa ba a taɓa faɗa a gabansa ba, ba a kuma cika rawa ba. Da zamani ya juya, samari masu situdiyo suka gano shi. Sukan sa masa abin ji a kunne, na'ura na ƙyas-ƙyas, shi kuwa ya bi ta minti bakwai bai goce ba. Wani daga cikinsu ya taɓa rantsuwa cewa in aka samu saɓani tsakanin Mika'ilu da kwamfuta, to a duba kwamfutar. Wannan magana ta yi masa daɗi ƙwarai, ya kawo ta gida. Matarsa Ashatu ta saurara tana tsince shinkafa, ta ce, "To madalla. Ita kwamfutar tana cin nama?" Ya san abin da ya iya, kuma ba ya neman shaida.

Bayan ƙaramar salla ta 2024, ana tsakiyar bazara, aka aiko masa daga Unguwar Rogo cewa Maccido na Hajo yana nemansa.

Maccido tsohon mahauci ne, shekararsa saba'in da huɗu, hamsin daga ciki a teburi ɗaya ya yi su. Hayatu ne ya yi masa takensa tun yana saurayi: Maccido na Hajo, bajimi ya gan ka ya durƙusa. Take ne mai sauri, domin mai shi da sauri yake tafiya, kamar wanda ya bar tukunya a wuta. A watan Agustan da ya gabata hawan jini ya kayar da shi a bakin teburinsa, ɓarin hagu ya shanye. Wata takwas ke nan kasuwa ba ta gan shi ba.

Mika'ilu ya same shi a tsakar gida, a kan tabarma, ya jingina da bango. Babbar 'yarsa Ummulkhairi, wadda ta baro ɗakin mijinta ta dawo jinya, tana tsaye daga gefe cikin hijabi. Bakin tsohon ya ɗan karkace, amma maganar tana fita.

"Ɗan Hayatu, ka tsufa."

"Na Hajo, ai kai munka biyo."

"Zauna ka ji. Ran Alhamis ta sama in tahi kasuwa in ba ɗana Bilyaminu wuƙata gaban rundawa. Teburi ya zama nashi. Amma ba a ɗauka ta, ba a tura ni cikin keken guragu awa buhun albasa. Da ƙafata za ni shiga, tun daga ƙofa hal teburi, kana bayana kana kaɗa takena."

"Baba, masu gashin ƙashi na asibiti sun ce taku ashirin ya ishe ka a tashi ɗaya," in ji Ummulkhairi.

"Masu gashi sun taɓa kayar da sa a mayanka?"

Ta juya wajen Mika'ilu. "Malam Mika'ilu, na yarda a gwada. Amma ka ji sharaɗina. In dai ba ni ga ya iya a nan gida ba, keke zai shiga, ko ya yi fushi da ni hal shekara. Ba ni bari ya faɗi gaban mutanen da ya girme ma."

Da yamma Mika'ilu ya je kasuwar naman ya auna. Daga ƙofa zuwa teburin Maccido takunsa arba'in da ɗaya. Ya kwatanta da gajeren takun tsohon, ya samu sittin da uku. Tsakar gidan kuwa taku ashirin da ɗaya ce daga bakin rijiya zuwa zaure, wato sai an je, an dawo, an sake zuwa. Kwana goma sha ɗaya suka rage.

Washegari da hantsi aka ce matan gida su shiga ɗaki. Maccido ya miƙe da sanda a hannun dama. Mika'ilu ya gyara tsayuwa, ya sunkuyar da kai, ya saki taken yadda ya karɓe shi daga hannun mahaifinsa, ba ragi ba ƙari. Bai ga abin da ya faru ba, ƙara kawai ya ji. Jikin tsohon ya ji kiɗan da ya saba bi shekara hamsin, ƙafar dama ta yi gaba da ƙarfinta, ta hagu ta ƙi zuwa. Ya kifa a kan yashi, leɓensa ya fashe.

Ummulkhairi ta tallafe shi tana salati. "Sauri na mi? Ba ka ganin halin da shike ciki?"

"Haka taken yake," in ji Mika'ilu. Da maganar ta fita ya ji nauyinta a bakinsa.

Bayan an goge jini an sha ruwa, tsohon ya ce a sake. Wannan karon Mika'ilu ya raba saurin biyu, ya ja kowane bugu daidai da ɗan'uwansa, a hankali, a tsanake. Aiki ne mai tsabta, ko a situdiyo ba za a samu abin gyara ba. Maccido ya yi taku shida ya tsaya, ya buga sanda a ƙasa.

"Tsaya. Wanga kiɗan wa?"

"Naka ne, Na Hajo. Na rage mashi sauri."

"Wanga na majinyaci ne. Kowa ya ji shi sai ya ce Allah sarki. Ni ba Allah sarki nika nema ba. In haka za ka kaɗa, gara keken." Ya numfasa, ya dube shi da idon da ke buɗewa sosai. "Ubanka in shina kiɗa, mutum shika kallo. Kai tun da ka shigo gidan ga ƙasa kaka kallo. Mi ka yasar a ƙasa?"

Mika'ilu ya koma gida bai ci tuwon kirki ba. Ba zagin ne ya dame shi ba, rundawa sun saba zaginsa. Abin da ya tsaya masa shi ne lissafin ya ƙi fita. In ya kaɗa taken daidai, zai kayar da mutumin. In ya rage shi, zai kunyata shi. Hanya biyu ya sani, kuma duka ya gwada su a safiya ɗaya.

Kwana uku a jere ya je Unguwar Rogo ba tare da kalangu ba. Yakan zauna a bakin rijiya ya ce tsohon ya yi tafiyarsa. Ranar farko ƙafafu ya kalla yana ƙirga. Ta dama tana sauka da sauri kamar dā. Ta hagu kuwa jan ta ake yi, wani lokaci bugu biyu, wani lokaci uku da ɗan ƙari, ba ta taɓa maimaita kanta. Ba abin da za a haddace. Rana ta biyu ya daina ƙirga, ya ɗaga ido sama kaɗan, sai ya lura kafin ƙafar hagu ta taso kafaɗar tana ɗan ɗagawa, in za ta sauka kuma haƙarƙarin yana saki. Rana ta uku ya kalli fuskar. Nan ya ga abin da bai yi tsammani ba. Duk lokacin da ake jan ƙafar nan, Maccido yakan ɗaga haɓa ya kalli nesa, kamar mai cewa ba ƙafarsa ba ce, ta wani ce ya taimaka ya ɗauko.

Da la'asar ya shiga ɗakinsa ya ɗauki kalangu. Rabin taken na farko, Maccido na Hajo, ya bar shi da saurinsa na asali, ya ɗora shi a kan ƙafar dama. A gurbin ƙafar hagu kuwa sai ya sa gula ta riƙa karkarwa a kan fata, yana matse tsarkiya da hammata a hankali, muryar kalangu na hawa, na hawa, ba ta sauka sai ya ga dama, sannan ya sako bajimi ya gan ka ya durƙusa. Riƙe karkarwar nan sumul alhali hammata na matsawa ba ƙaramin aiki ba ne, makaɗa da yawa hannunsu kan tsinke a tsakiya. Nasa bai tsinke ba.

Ashatu ta leƙo. "Lafiya? Yau kalangunka ɗingishi shikai."

"Ɗingishi kika ji ko taƙama?"

Ta tsaya ta sake saurare, ludayi a hannu. "Sake in ji." Ya sake. Ta ce, "Awa mai kuɗi ya shigo biki ya ƙi zama." Ta koma madafa tana dariya.

Da aka gwada a tsakar gida, wahalar ta koma kan Mika'ilu. Tsawon karkarwar ba a hannunsa yake ba, a kafaɗar Maccido yake, dole ya ɗaga kai ya bi ta. Shekara arba'in wuyansa ya saba da sunkuyo. Sau biyu idonsa ya koma kan fata da kansa, sau biyun tsohon ya yi tangaɗi, Ummulkhairi ta tare shi. Amma a kwana na bakwai suka yi taku arba'in da biyu ba tsayawa. A na tara suka cika sittin da uku, Maccido ya zauna a dakalin zaure yana haki yana zagin kowa da fara'a. Ummulkhairi ta ce ta yarda, amma keken zai bi su, a naɗe.

Ranar Alhamis da misalin ƙarfe goma, an gama yanka an jera nama, keke napep ya tsaya a ƙofar kasuwa. Labari ya riga su isowa. Rundawa sun ajiye wuƙaƙe sun yi layi biyu, masu sayen nama sun tsaya da ledoji a hannu. Can ƙarshen layin, Bilyaminu na tsaye a bakin teburi, ya rasa inda zai sa hannuwansa. Ummulkhairi ta zauna cikin napep, keken a naɗe a ƙafafunta.

Maccido ya sauko cikin farar riga, ya kafa sanda. Mika'ilu ya tsaya bayansa ta hagu, inda zai ga kafaɗa da gefen fuska, ya saki taken.

Tun a taku na uku aka fara sowa. Ƙafar dama ta faɗi da sauri, kalangu ya kira sunansa. Kafaɗa ta ɗaga, muryar kalangu ta hau tana karkarwa, tsohon ya ɗaga haɓa ya kalli nesa, jama'a suka riƙe numfashi tare da shi, sannan ƙafa da kiɗa suka sauka tare. Wanda bai sani ba sai ya ce da gangan yake jan ƙafar don a jira shi. Wani ya yi ihu, "Na Hajo, a hankali, kasuwa taka ce!" Mika'ilu na ƙirgawa a ransa, ashirin, talatin, hannunsa sumul.

A taku na talatin da takwas Maccido ya tsaya.

Wannan ba ya cikin abin da suka gwada. Mika'ilu ya riƙe karkarwar yana duban kafaɗa. Ba ta faɗi ba, sanda ma ba ta rawa, wato ba ƙafar ce ta gaza ba. Ya dubi fuskar, ya bi inda idon ya nufa. Teburi ne a hannun dama, babu nama a kansa, an kifa masa tsohon kwano. Teburin Zayyanu ne, abokin yankan Maccido, wanda suka yi shekara arba'in suna raba sa ɗaya. Ya rasu a watan Disamba Maccido na kwance, bai samu zuwa jana'iza ba, yau ne ya fara ganin wurin babu shi. Haɓar da ke sama ta fara saukowa. Sowa ta mutu. Daga ƙofa Mika'ilu ya ji ƙarar ƙarfe, Ummulkhairi ta fara buɗe keken.

A gidansu Mika'ilu akwai ƙa'ida: ba a kaɗa taken mamaci a kasuwa sai wani nasa ya gaji teburin. Bai taɓa karya ta ba. Ga shi kuma shi ma mutuwar ta taɓa shi, domin Zayyanu ne ke fara tsokanarsa kowace safiya, shi ne kuma ke fara miƙo masa tsoka. Ya ji abin na gangarowa zuwa hannunsa. Bai kore shi ba, bai kuma bar shi ya kama gula ba. Ya saki tsarkiya gaba ɗaya har muryar kalangu ta koma ƙasa, ta yi kauri, ya kaɗa taken Zayyanu sau ɗaya, a hankali, kowane bugu a wurinsa.

Tsofaffin rundawa suka gane, wani ya ce, "Allah shi jiƙan Zayyanu," aka amsa da amin daga layi biyun. Tsayuwar da ta fara kama da gazawa ta zama gaisuwa. Maccido ya jingina sanda a cikinsa, ya dunƙule hannun dama ya yi wa teburin jinjina, hawaye na bin gefen bakinsa da ya karkace.

Ran Mika'ilu ya so ya maimaita, jama'a ma sun so. Amma idonsa na kan gwiwar hagu, ya ga ta fara rawa, ya kuma sani tun daga tsakar gida cewa tsayuwa ta fi tafiya cin ƙarfin tsohon. Yana ganin hannu ya koma kan sanda, sai ya matse tsarkiya da ƙarfi ya jefa Maccido na Hajo da cikakken saurinsa, daidai kan ƙafar dama. Ƙafar ta amsa kafin mai ita ya yi shawara. Sowa ta dawo ta ninka ta farko.

Taku ashirin da biyar da suka rage sun fi na baya tsawo. A goman ƙarshe ƙafar hagu takan ɗauki bugu biyar kafin ta sauka, zufa ta jiƙa farar rigar, hammatar Mika'ilu na zogi kamar an zuba barkono. Karkarwar ba ta tsinke ko sau ɗaya ba. A na sittin da uku Maccido ya dafa teburinsa da tafin hannu.

Ya huta, ya sa hannu cikin riga ya zaro wuƙar a kubenta, ya miƙa wa Bilyaminu, wanda ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu. Aka yi addu'a aka shafa. Sai a lokacin ya yarda aka kawo masa benci. Mika'ilu ya sauke kalangu, ya nemi gefen bencin ya zauna.

"Ɗan Hayatu," in ji tsohon, yana haki. "Wa ya ce ka taɓa taken Zayyanu?"

"Ba wanda ya ce, Na Hajo."

"Rigimamme." Ya goge fuska da hannun riga. "Bilyaminu, yanko ma makaɗi."

Bilyaminu ya zare wuƙar ya kama wani yanki daga gefen haƙarƙari.

"Ba nan ba, sakarai! Can ga cinya. Kuma kwantar da wuƙar, ba itace kaka sara ba. Kai, matso da teburin nan kusa in gani."